Hutun da Aka Kai Ni Bakura

Kafin Inna ta kwanta ciwo, da wani zai tambaye ni ko na san gajiya, da dariya zan yi masa. Ni da na tashi cikin aikin turara shinkafa? A unguwarmu ta Talata Mafara, in an yi girbin noman rani, tsakar gidanmu ba wurin sa ƙafa. A jiƙa shinkafa da ɓawonta, a tsame, a ɗora rabin duro kan murhu, hayaƙi ya cika ido, a sauke, a baza a rana, a bi ana juyawa. Kafin magariba baya ya ƙage, ko lomar tuwo nauyi take yi wa hannu. Amma wannan gajiyar tana da kirki. Ka watsa ruwan zafi, ka miƙe a tabarma, da asuba ka neme ta ka rasa. Har daɗinta nake ji, don in na ɗaga ido ga buhuna can jingine da bango.

Inna, mahaifiyata, ta faɗi ne a bakin madafa wani hantsi, da ludayi a hannunta. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta koma wani gunaguni da sai wanda ya saba yake tsintar kalma a ciki. Aka yi zaman asibiti, aka sallamo mu da magunguna, aka ce a riƙa juya ta kada kwanciya ta yi mata gyambo. Ba a yi taro an ce ni zan yi jinya ba. Mijina ya rasu, 'ya'yana mata suna ɗakunansu, na dawo gidanmu da zama. Yayana namiji ne, kuma yana Bakura da iyalinsa. Kowa ya duba ya ga ni ce ba ni da uzuri. Ni ma haka na gani, kuma da zuciya ɗaya na karɓa.

Abu guda na ƙulla a raina tun ranar da muka dawo: yadda na fara da ita, ni zan ƙarasa da ita. In ranar ta zo, a hannuna za ta cika, ni zan laƙƙana mata kalmar shahada, ni zan shafe mata ido. Ban faɗa wa kowa ba. Tsorona kullum shi ne kada ƙarfina ya riga ranta ƙarewa.

Inna ba ƙaramar mace ba ce. Ko da ciwo ya rage ta, ɗaga ta sai na kafa gwiwa a bakin gado na rungumo ta ta ƙarƙashin hammata. In juya ta, in goge mata jiki, in canza zane da ledar da ke ƙarƙashi, in fita da fon da take bahaya a ciki, in wanke, in dawo. Igiyar shanya ba ta taɓa zama babu kaya ba. Da damina zannuwa su ƙi bushewa, ɗaki ya riƙe wani wari da turaren wuta ba ya korewa, sai dai ya haɗu da shi su zama abu ɗaya. Na ajiye mata cokali da kwanon silba a gefen hannunta na hagu, in tana bukatata ta buga.

Ba ta abinci shi ya fi komai cin rai. Kunu ne, ko fura mai ruwa-ruwa, ko tuwon da aka dama da miya ya zama kamar koko. In ka kai cokali sai ta damƙe baki. Wanda bai sani ba zai ce ta ƙi ne. Ba ƙi ba ne, maƙogwaron ne yake tsoron haɗiya, don ta sha shaƙewa. Sai ka jira. Ka karkata mata kai, ka sa cokalin ta gefen da ke da rai, ka shafa mata wuya a hankali, ka yi mata wata hira, ka sake kaiwa. Wani lokacin sai na ɗaure fuska na ce, “Inna, ki buɗe, ba ni tashi sai kin sha.” Ta harare ni da idon nan nata, sannan ta buɗe. Kofi ɗaya yakan kai mu daga hantsi zuwa kusan azahar.

Duk wannan aikin jiki ne, kuma jikina ya san aiki. Abin da ban yi shirinsa ba shi ne dubiya.

Mahaifinmu malami ne, ya karantar da mutane da yawa kafin rasuwarsa, kuma ɗalibansa ba su manta da gidan ba. Allah Ya saka musu, da gaske nake faɗa. Amma ranar Talata, ranar kasuwar garinmu, duk wanda ya shigo daga Ruwan Gizo ko Birnin Tudu ko wajen Dosara, sai ya ce bai kyauta ba in bai leƙo ya gaida matar Malam ba. Maza su tsaya a zaure, mata su cika tsakar gida. Kowa sai an shimfiɗa masa tabarma, an kawo ruwa, an kawo fura, in azahar ta riske shi a zuba masa abinci. Gaisuwarmu kuwa kun san ba ta da gajarta. A tambayi kwana, a tambayi gida, a tambayi yara, a tambayi ruwa ko rana, a dawo a sake daga farko.

“Ya mai jiki?”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi.”

“Ina gajiya?”

“Babu gajiya.”

Ranar da dugaduganta suka fashe suka fara ruwa, da sauƙi na ce. Ranar da ta shaƙe har idonta ya juye, da sauƙi na ce. Haka aka koya mana, kuma ni ma da wata ta amsa mini da wani abu dabam, da na ce ba ta da tawakkali. Sai su dafa ni su ce, “Ke kam kin dace, ladag ga duk naki na.” Su yi addu'a mai tsawo, su tashi su kama hanya tun da rana saboda halin da hanyoyi suke ciki, su bar mini kwanuka. Cikin masu yi mini albishir da lada ban taɓa ganin wadda ta ce kawo zane ɗaya in wanke ba. Ba mugunta ba ce. Baƙuwa ba ta wanki, kuma da ta nema da ni ce zan fara hana ta.

Daminoni suka shige a haka. Ban san ranar da ɗaya gajiyar ta shigo ba, don ba ta da ciwon da za ka nuna da yatsa. Na dai fara tsayawa a gaban tukunya da gishiri a hannu, ban sani ba ko na zuba ko ban zuba ba. In tayar da salla, in tsinci kaina a zaune ban san raka'a ta nawa ba ce. Surorin da na haddace a gaban mahaifina tun ina yarinya, in kama ɗaya in faɗa cikin wata. In maƙwabciya ta ce, “Shinkafa za ki girka yau ko tuwo?” sai in ji kamar ta ɗora mini dutse, don ba ni da inda zan samo amsar. Aka aiko cewa ƙaramar 'yata ta haihu lafiya. Na ce masha Allah, na jira farin ciki ya zo, abin da ya zo shi ne tunanin wa zai zauna da Inna in na je suna.

Na je kemis na ce ina jin gajiya. Mai shagon ya haɗa mini ƙwayoyi ja da fari da ruwan ɗorawa a 'yar leda. Ciwon baya ya saki kuwa, ba ƙarya. Ɗaya abin ko gezau.

Wata rana da la'asar ina tsakar gida Inna ta fara buga kwano. Na tashi na je bakin ƙofa, sai na tsaya bayan labule. Ina jin bugun, ina jin numfashinta. Ba haushi nake ji ba, da haushi ne da na san ina nan. Ba tausayi ba ne kuma. Ba komai. Matar da ke ciki kamar wani kaya ne da aka ba ni ajiya. Na shiga na juya ta, na gyara mata matashi, hannuna ya yi komai daidai yadda ya saba. Wannan rana ce na ji tsoro na gaske, don na gane mutum zai iya kasancewa tsaye da ƙafafunsa alhali ya riga ya ƙare.

Asirina ya tonu ne wata Talata. Mata sun cika tabarma, na fito daga ɗakin Inna da fo a rufe a hannu ɗaya, na biya madafa na ɗauko kwanon fura a ɗayan. Na kai furar bakin bayi na ajiye. Na zo gaban baƙi na durƙusa, na dire musu fo, na ce, “Bismillanku.” Wata tsohuwa ta kama salati. Ni kuwa ina durƙushe ina kallonsu, ina mamakin me ya hana su sha. Da na gane, ko kunyar ban ji ba. Na ɗauka na koma.

Kafin Juma'a labari ya kai Bakura. Yaya ya zo, tare da ƙanwar Inna da ke aure a Maradun, wadda muke kira Inna Ƙarama. Ta zo da ƙunshin kayanta, alamar an gama magana tun kafin a iso.

Yaya ya ce, “Shirya, za ki bi ni Bakura ki huta kwana biyu. Inna Ƙarama za ta riƙe.”

Na ce, “Yaya, ni ban gaji ba.”

“Na jiya abin da yaf faru. So kike ki hwaɗi mu yi jinya biyu?”

“Inna ba ta saba da hannun kowa ba.”

“Za ta saba. Ba shawara nika yi da ke ba.”

A gidanmu babba in ya faɗi haka an rufe magana. Kuma gaskiya, ko ƙarfin gardamar ba ni da shi. Na ja Inna Ƙarama gefe don in nuna mata yadda ake ba da abinci. Hannuna ya san abin sarai, amma da na buɗe baki sai maganar ta watse. Na fara da cokali, na tsallaka kan magani, na dawo kan leda, na tsaya ina neman inda na baro. Ta dube ni da tausayi ta ce, “Ke ɗiyag ga, ni nir rene ki. Yayata ta, ciki guda munka hito. Tahi ki huta, kin ji?”

Na shiga yi wa Inna sallama. Ta kama bakin mayafina da hannun hagu, ta faɗi wata magana. Ni da nake fassara wa kowa gunaguninta, ran nan ban tsinci komai ba. Na ce mata ba zan daɗe ba, na zare mayafin.

Matar Yaya mutuniyar kirki ce, ba zan ci amanarta ba. Ta share mini ɗaki, ta dafa ruwan wanka, ta zauna ta yi mini tausa da man zafi tun daga wuya har tafin ƙafa. Farfesun kifi, fura da nono mai kyau, tuwo da man shanu. In na ɗauki tsintsiya ta fizge. In na nufi madafa ta tare ƙofa tana dariya, “Wallahi ba ki shiga, hutu kika zo yi.” Cikin 'yan kwanaki kumburin ƙafata ya saɓe, bayana ya miƙe, na fara barci har rana ta fito. Maƙwabtansu suka riƙa cewa na yi kyau, na murmure. Jiki dai ba shi da wuyar sha'ani, ka ba shi abinci da shimfiɗa ya yafe maka.

Amma sai in wuni zaune a gindin bishiyar darbejiya da ke tsakar gidan, ina kallon kaji, ba abin da ke wucewa a kaina. In cokali ya faɗi a madafa, kafin in sani na miƙe tsaye. In koma in zauna. Matar Yaya ta kunna rediyo, ta kawo hira, ta ce mu je mu gaida wance. Ina amsawa da to. Duk abin da suke da shi na maganin gajiya sun ba ni, kuma duk na jiki ne, don ita kaɗai suka sani, ita kaɗai ni ma na san sunanta.

Kullum da hantsi nakan kira Inna Ƙarama a waya.

“Ya mai jiki?”

“Da sauƙi ƙwarai, ɗiyata. Ke dai ki huta.”

“Tana ci?”

“Tana taɓawa.”

Ni ce fa na shekara da shekaru ina faɗin da sauƙi a kan gyambo mai ruwa. Ba wanda ya kai ni sanin abin da ke ƙarƙashin wannan amsar. Na kuma san ma'anar tana taɓawa: ana kai cokali, baki yana rufe, ana mayar da kofi. Na san Inna Ƙarama ba za ta taɓa iya ɗaure wa yayarta fuska ba, matar da ko sunanta ba ta faɗa. Duk na sani. Sai in ajiye wayar in ce gobe zan koma. Gobe ta yi, Yaya ya ce ƙara kwana, in ce to. Mai lafiya da ya ji abin da na ji, da ko a ƙafa ya kama hanyar Mafara, ga ta nan ba nisa. Ni sanin yana nan, wanda zai tashi ya yi aiki da shi ne babu.

Na lura Yaya ya yawaita zuwa Mafara, ya ce harkar kasuwa ce. Na lura matarsa tana shiga ɗaki in za ta amsa waya. Sun yi shawara ne a tsakaninsu kada a ɓata mini hutu. Don ƙauna suka yi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wata safiya na fito ban ga Yaya ba. Matarsa ta riga ta sa hijabi, idonta ja. Ta ce, “Yayanki ya ce mu iske shi gida, jikin Inna ya ɗan motsa.” Ba yaron da bai san fassarar wannan maganar ba a ƙasarmu. Ban tambaye ta komai ba. Muka shiga mota, gonakin shinkafa suna wucewa kore shar, mutane sunkuye cikin ruwa suna aikinsu. Tun daga bakin lungunmu na hango tabarmi a ƙofar gida, da butoci a jere.

An riga an yi mata wanka, an sa ta a likkafani, ni ake jira. Aka buɗe mini fuskar. Kumatun sun faɗa, leɓɓan sun bushe sun tsage. Inna Ƙarama ta riƙe ni tana kuka, tana cewa, “In nik kai mata cokali sai ta ruhe baki, in ce ta ƙoshi. Ba ni iya matsa mata, wallahi ba ni iyawa. Ni nil laƙƙana mata, ta motsa baki, ta cika da kyau.” Ban zarge ta ba a ranar, ban zarge ta ba yau. Ban ce yunwa ce ta kashe Inna ba, kwana ne ya ƙare. Amma abin da na ƙulla a raina, wanda saboda shi na jure duk shekarun nan, an yi shi da asuba ina Bakura ina barci.

Na tsaya a kanta ina jiran kuka. Abin da ya faru shi ne kafaɗuna suka sauka. Na ja wani numfashi da ya kai har ƙasan cikina, irin wanda na manta ana ja. Da maza suka ɗauke ta suka fita, sai na ji yunwa. Aka kawo abincin maƙwabta, kowa na turewa, ni na ja kwano na ci sosai. Mata suka riƙa nuna ni suna cewa, “Ku dubi tawakkali, ɗiyar malamai ke nan.” Na bar su a haka.

Tun daga lokacin in na ji ana maganar gajiya, ana cewa a sha kaza, a kwanta da wuri, sai in san ba irin tawa ake nufi ba. Wadda na sani ba ta hana ka tafiya ko ɗaukar kaya. Tana cinye abin da kake ji da shi ne a hankali, son da tausayin da tsoron, har ranar da ka fi bukatarsu ka sa hannu ka tarar babu. Mahaifiya ɗaya gare ni, mutuwa ɗaya ta yi, kuma na zo wurin ba ni da abin da zan yi baƙin ciki da shi. Kukan bai zo ran uku ba, bai zo ran bakwai ba, kuma ba a sake yi mini zaman makoki don ya zo daga baya.

Ranar da Inna Ƙarama za ta koma Maradun, na ɗaukar mata ƙunshinta na raka ta. A cikin zaure na tsaya, na yi tambayar da nake ta juyawa.

“Inna Ƙarama, ta neme ni?”

Ta gyara mayafi, ta dubi ƙofa. Sannan ta ce, “A'a, ɗiyata. Ba ta neme ki ba ko sau guda. Ta san hutawa kike.”

Na san don in samu sauƙi ta faɗa. Abin da ban sani ba har yau shi ne wanne zan roƙa, a ce gaskiya ta faɗa mini, ko a ce ƙarya ce. Na kai ta bakin titi ta samu mota, na dawo gida, na shimfiɗa tabarma a tsakar rana, na yi barci har la'asar ta wuce ni.